Yadda Karamdad Ya Yi wa Sarkin Ingila Hidima

Karamdad bai shiga soja don yana da wata jiƙaƙƙiya da Jamusawa ba. Bai ma san Allah ya halicce su ba. Kawunsa ne, Risalda Buland Khan, ya zo hutu ƙauyensu na Dhok Mehra da gashin baki a murɗe da ƙaimi a dunduniya, ya hango shi yana bin bayan shanun huɗa, ya ce wannan ɓarna da me ta yi kama. Risalda muƙami ne babba. Mutumin ƙasa yakan tsufa yana hawa kafin ya kai shi, in ya kai kuma sai ya samu ikon sara wa Baturen da ko gemu bai fara askewa ba.

"Yaya, shi kaɗai ne namiji a gabana," in ji mahaifiyar Karamdad.

"To ai namijin za a mai da shi. Dubi yadda yake tafiya, kai a ƙasa kamar wanda ya yar da allura."

Suka tafi tare da abokinsa Allah Ditta, wanda babu wanda ya gayyace shi. Shi dai ya ji an ce sojan doki ba ya tafiya da ƙafa, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin sana'ar da ta kwanta masa a rai kamar wannan ba.

Birged ɗin Dawakin Jalalkot tana da tarihi, kuma duk sabon soja sai ya haddace shi kafin a ba shi sirdi. An kafa ta ne don ta kori wani sarki daga ƙasarsa, ta kore shi. Daga baya aka tura ta ta ɗora ɗansa a kan gadon, ta ɗora. Da ɗan ya fara tunanin wai da gaske shi sarki ne, aka sake tura ta. Duk waɗannan nasarori an ɗinke sunayensu da zaren zinariya a jikin tuta. Ƙungiya uku ce a cikinta, biyu na 'yan ƙasa, ɗaya ta Turawa zalla, wadda ban da yaƙar abokan gaba an ɗora mata nauyin sa ido a kan sauran biyun.

Abin da aka fi koya musu shi ne sukar turke. A kafa ɗan turken katako a ƙasa, ka zo a sukwane, ka sunkuya, ka tsinto shi da tsinin mashi. Karamdad ya gwanance har Turawa suna zuwa kallonsa da matansu. Babu turken da ya taɓa tsira daga hannunsa a faɗin Jalalkot. Aka ba shi wani doki kili mai suna Badal, ya riƙa ba shi mazarƙwaila daga rabonsa, yana ji a ransa duniya ba ta da wani abin da ya fi wannan.

Sai yaƙi ya tashi a Turai, aka loda su a jirgin ruwa, mutane a sama suna amai, dawakai a ƙasa suna mutuwa. Waɗanda suka kai Faransa da rai aka jera su a wani fili cikin ruwan sama, Kanar Ashcombe ya hau dokinsa ya yi musu bayanin yadda za a ci yaƙin. Abin ba wuya. Sojan ƙasa za su fasa giɓi a layin Jamusawa, su kuma masu doki su bi ta giɓin a guje, ba tsayawa sai babban birnin Jamus.

Buland Khan ya sara masa. "Yaushe za a fasa, Sahib?"

"Gobe, Risalda. In ya daɗe jibi."

Daga ranar sunan Kanar ya koma Sahib Gobe.

Kafin goben ta zo, aka karɓe masunsu, aka ba su shebur da diga. Allah Ditta ya juya nasa shebur ɗin ya duba gaba da baya.

"Kawu Risalda, wannan mashin ai bakinsa ya yi faɗi. Ta ina ake sukar Bajamushe da shi?"

"Rufe mini baki, shashasha. Umarni ne."

"Ni dai da an gaya mini haƙa za a yi, da na zauna a gida. Can ko ba komai in ka haƙa alkama take fitowa. Nan in ka haƙa mutum ne yake fitowa."

Aka bar dawakai a baya, a rumfunan manoman Faransa, suna cin hatsi suna ƙiba, kowanne da bargonsa. Mahaya kuwa suka taka da ƙafa zuwa ramuka, laka har gwiwa, rawani ya jiƙe ya yi nauyin tulu. Suka haƙa rami, Jamusawa suka rushe shi da igwa, suka sake haƙawa. Karamdad ya ga mutane sun mutu a gefensa, amma Bajamushe ko ɗaya bai gani da idonsa ba, sai wasu kamammu da aka wuce da su, 'yan samari masu jajayen kunnuwa suna roƙon taba.

Ranar giɓi kuwa ta zo, kuma ta yi ta zuwa, kusan kowace shekara. Ta farko ce Karamdad bai manta ba. Aka dawo musu da masu, aka goge linzami da likkafa har suna ɗaukar ido, aka ɗaura wa kowane mashi 'yar tutarsa. Suka hau tun da safe, layi ya miƙe ba a ganin ƙarshensa, suka toshe hanyar da motocin ɗaukar masu rauni suke bi. Sojan ƙasan da aka aika fasa giɓin suna dawowa a kan makara, wani ba hannu, wani ba fuska, suna kallon waɗannan tsaf-tsaf ɗin mutane a kan dawakai. Wani Bature da aka naɗe wa kai ya ɗago ya faɗi wata magana, 'yan'uwansa suka yi dariya.

"Me ya ce?" Karamdad ya tambayi kawunsa.

Buland Khan ya ɗaure fuska. "Tambaya yake, wai bikin wa ake yi."

Suka tsaya a bayan wani tudu har la'asar. Jamusawa, waɗanda da alama ba wanda ya sanar da su cewa an fasa musu giɓi, suka hango ƙyallin masu, suka aiko da harsashin igwa. Dawakai suka yi ta faɗuwa suna haniniya. Can aka busa begila, aka ce a koma. Janar ya aiko da yabo, ya ce birged ta nuna natsuwa irin wadda ba a taɓa gani ba, aka ƙara wa tuta suna ɗaya.

A hunturu na biyu sanyi ya cinye wa Allah Ditta yatsun ƙafar hagu. Likita ya yanke abin da ya saura, aka ce a mai da shi gida. Karamdad ya je ya same shi a tantin asibiti, ya tsaya a kansa da fuskar tausayi.

"Kai, daina yi mini wannan fuskar," in ji Allah Ditta. "Na shigo soja don kar in yi tafiya da ƙafa. Ga shi gwamnati ta cika alkawari. Kai me ta cika maka?"

Karamdad ya yi dariya, sannan ya fita bayan tanti ya share ido da gefen rawani.

Da manya suka gaji da jiran giɓi a Faransa, sai suka tuna akwai wata ƙasa mai fili da rana inda doki zai iya gudu. Aka sake loda birged a jirgi zuwa Falasɗinu, a yaƙi Turkawa. Gunaguni ya tashi a cikin Musulmin runduna. Kanar ya sa aka kawo wani malami da ke cin abinci a ɗakin girkin gwamnati, ya duba littattafai, ya gano cewa babu laifi ko kaɗan, har ma akwai lada.

"Kawu, sallah fa suke yi kamar mu," Karamdad ya ce da suka keɓe.

"Ka dafa Alƙur'ani ka yi rantsuwa ko ba ka dafa ba?"

"Na dafa."

"To je ka duba kofaton dokinka."

Wata safiya aka ce Turkawa sun karye, suna ja da baya ta wani fili mai faɗi. Wannan karon da aka busa begila gaba aka nufa. Aka fara da sassarfa, aka saki linzami, ƙasa ta ɗauki rugugi. Karamdad bai taɓa ɓoye wa kansa ba, farkon sukuwar nan ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Iska tana dukan fuskarsa, Badal yana miƙewa a ƙarƙashinsa, duk laka da sanyi da jiran shekaru suka kakkaɓe daga jikinsa. Ya wuce kowa. Yana ihu bai san me yake faɗa ba.

Mutumin da ya fara cimma ba shi da bindiga. Dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya an naɗe da tsumma, yana rungume da butar shayi. Ya ji kofato a bayansa, ya juyo, ya saki butar, ya ɗaga hannu, ya yi kalmar shahada da ƙarfi, tiryan-tiryan kamar yadda limamin Dhok Mehra yake yi. Karamdad ya ji shi sarai. Amma hannun da ya shekara da shekaru yana tsintar turaku bai tsaya neman shawararsa ba.

Mashin ya maƙale. Karamdad ya ja linzami ya diro, abin da doka ta hana. Kafin ya durƙusa dattijon ya cika. Ya rufe masa ido, ya juya shi ya fuskanci yamma, don can gida alƙibla yamma take. Sai ya tuna a ƙasar nan alƙibla kudu take, ya sake kama kafaɗarsa ya jawo shi. Mutumin ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙashi ne da riga.

Buland Khan ya iso a kan doki yana haki. "Me kake yi a ƙasa? Hau!"

"Kawu, shahada ya yi. Na ji shi."

"To da me ka zata zai yi, waƙa? Hau kafin Sahib ya gan ka!"

Ranar Buland Khan ko gurasa bai taɓa ba. Sahib Gobe kuwa ya riga ya gani, amma abin da ya gani daban. Ya ga sojansa ya riga kowa kaiwa ga abokan gaba, har ya sauka don ya ƙarasa da hannu. Aka rataya wa Karamdad lambar yabo a gaban fareti, aka karanta jarumtakarsa da Turanci, aka fassara masa, ya saurara kamar labarin wani.

Yaƙi ya ƙare. Gwamnati ta gode wa Birged ɗin Jalalkot godiya mai yawa, sannan ta rushe ta, ta gwamutsa ragowar da wata, ta ba su sabuwar lamba. Hafsoshi suka sa aka ƙera musu mutum-mutumin azurfa na mahayi da mashi, suka ajiye a kan teburin cin abinci. Badal aka sayar wa wani mai keken doki a Masar.

Karamdad, da yake mai lambar yabo ne, aka ba shi gona a sabuwar ƙasar da aka ja wa ruwa daga kogi. Gona ce mai kyau, sai dai da sharaɗi. Dole ya riƙe goɗiya, ya kai ta wurin ingarman gwamnati in lokaci ya yi, abin da ta haifa kuma na soja ne. Goɗiya ta rame ko ta yi ciwon baya, gona ta tafi. Ya auri Bhagbhari, 'yar ƙanen babansa, mace mai aiki da baki, wadda ba ta yi wata guda a gidan ba ta raɗa wa goɗiyar suna Memsahib, wato uwargidan Bature.

"Ita za ta fara ci, ita za ta fara sha, ita ce da ɗaki mai inuwa," in ji ta. "In na yi zazzaɓi ka ce in sha jiƙo. In ta yi atishawa ka tafi kiran likita da gudu. Ka gaya mini tsakani da Allah, wace ce matar gidan nan?"

Allah Ditta ma ya biyo su sabon garin. Shi ba a ba shi gona ba, tunda yatsu ba jarumtaka ba ne. Ya samu wani ƙaton jaki yana dakon bulo da shi, ya sa masa suna Janar, wai saboda daga baya yake tsayawa ya yi ta kuka, gaba kuwa sai an tura shi. Buland Khan ya yi ritaya ya zauna kusa da su, kullum yana ƙarƙashin bishiya da tukunyar tabarsa, yana ba matasa labarin sukuwar Falasɗinu. Kowace shekara Turkawan suna ƙara yawa, suna ƙara bindigogi.

Memsahib ta haifi ɗan duƙushi ja mai farin goshi. Karamdad ya yi ƙoƙarin kada ya so shi, bai iya ba. Da ya tasa, jami'in sayen dawakai ya zo, ya buɗe masa baki, ya shafa ƙafafu, ya sa aka ɗana masa lambar gwamnati da wuta.

"Madalla," in ji shi. "Ƙirji mai faɗi. Wannan zai ɗauki mai mashi da kyau."

Karamdad ya ce na gode, Sahib. Ya koma gida ya zauna a gaban kwanon abinci har ya huce.

Da lokacin kai goɗiya ya sake zagayowa, ya je ya samu Allah Ditta yana sauke bulo.

"Janar ɗin nan naka, lafiyarsa ƙalau?"

"Ya fi ni da kai. Me ya faru?"

"Ina so ya zo ya gaisa da Memsahib."

Allah Ditta ya ajiye bulon da ke hannunsa a hankali. Ya dubi abokinsa, ya dubi jakin. "Karamdad, goɗiyar Sarkin Ingila fa."

"Na sani."

"Za su ƙwace gonar."

"Su ƙwace. Ba zan ƙara rainon dokin da za a hau a soki mutum ba."

Allah Ditta bai taɓa tambayarsa abin da ya faru a Falasɗinu ba, ranar ma bai tambaya ba. Ya ɗingisa ya kwance igiya. "Tashi, Janar. Yau dai za ka shiga gaba."

Bayan an gama gaisawa, Karamdad ya bari aka kwana biyu, sannan ya kai Memsahib wurin ingarman gwamnati don a shaida ta je. Ta yi wa ingarman harbi ɗaya a haƙarƙari, masu kula suka ce haka manyan goɗiyoyi suke, akwai jan aji.

Ranar haihuwa Bhagbhari ce ta fara leƙawa. Ta fito tana tafa hannu. "Na shiga uku! Zo ka ga kunnuwa!"

Kafin azahar gari ya ɗauka. Buland Khan ya zo da sandarsa, ya tsaya a ƙofar barga, ya dubi ɗan alfadarin da ke tsotson nono hankali kwance.

"Ni ka yi wa," ya ce. "Ni da na ɗauko ka daga bayan shanu. Jikan sojoji, mai lambar yabo, ka haɗa jinin dokin gwamnati da na jakin bulo!"

"Ikon Allah ne, Kawu."

"Ikon Allah mai yatsu biyar ne ya jawo igiyar, na san shi!"

Bhagbhari ta fara ɗaure tukwane tun kafin a kore su, tana yi tana faɗa wa duk mai saurare cewa ita dama ta san ƙarshenta a gidan doki bara ne.

Jami'in da ya zo duba wannan karon wani ne sabo, Kyaftin Whitlow, likitan dabbobi. Karamdad ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ya maƙala lambar yabo, ya tsaya ƙiƙam. Ya shirya. Har wani sanyi yake ji a ransa, irin na wanda ya sauke kaya.

Kyaftin ya shiga barga, ya daɗe. Ya ɗaga ƙafar alfadarin ɗaya bayan ɗaya, ya danna gadon baya, ya ja da baya ya ƙare masa kallo.

"Wa ya ba ka shawarar yin wannan?"

"Ba kowa, Sahib. Ni ne."

"Kai mutum ne mai hangen nesa!" Kyaftin ya kama hannunsa yana girgizawa. "Dawakai sun yi mana yawa, har mun rasa inda za mu kai su. Alfadarai muke nema ido rufe. Ana faɗa da mutanen duwatsu a kan iyaka, doki ba ya hawa can. Ina uban?"

Aka kawo Janar da ƙurar bulo a jikinsa. Kyaftin ya zagaya shi cikin girmamawa, ya ce daga yau duk goɗiyoyin gundumar nan wurinsa za a riƙa kawo su, kuma a daina ɗora masa kaya.

Karamdad ya matso kusa. "Sahib, su alfadaran, me za su ɗauka a duwatsun?"

"Igwa mana. A kwance ta gunduwa-gunduwa, a ɗora musu, su hau da ita har saman ƙauye. Alfadari ɗaya ya fi masu mashi goma aiki."

Da Baturen ya tafi, Allah Ditta ya zauna a kan bakin rijiya ya yi dariya har da tari. Da ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, sai ya bari. Bhagbhari ta kwance tukwanenta. Buland Khan kuwa kafin magariba ya sanar da 'yan ƙarƙashin bishiya cewa dabarar tasa ce, tun a Faransa ya hango zamanin doki ya wuce.

A baje kolin dabbobi na shekarar da ta biyo, alfadarin Karamdad ne ya zo na ɗaya a gunduma. Bai je karɓar kyautar ba, ya ce ranar ce layinsa na ban ruwa a gona. Kawunsa ya je a madadinsa, da rawani mai sitaci.

Da sojoji suka zo tafiya da alfadarin, ya kafe ƙafafu huɗu a ƙofar gida ya ƙi motsi. Suka ja, suka tura, suka daka. Ya ciji kofur a kafaɗa, ya harbi wani a cinya, ya zauna daɓas a ƙasa kamar kare. Karamdad yana jingine da bango, hannu a harɗe.

"Malam, ba za ka taimaka ba?" in ji kofur ɗin yana dafe da kafaɗa.

"Na gwamnati ne yanzu. Ni ba na sa baki a harkar gwamnati."

Sai da suka aika aka ƙaro mutane, aka ɗaure shi a bayan amalanken shanu, aka ja shi yana tirjewa har suka sha kwana. Karamdad ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona, don ruwa ya riga ya iso bakin kwalbati, kuma maƙwabcinsa ba ya jiran kowa.